An tura ƙanena Kuwait, yaya ake aika wa soja kaya ta APO?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Bronx. Ƙanena yana cikin sojan ƙasa na Amurka, mako uku ke nan da aka kwashi rundunarsu zuwa Kuwait, sun ce wata tara za su yi. Ya turo min adireshi mai layi uku, babu sunan gari, babu sunan ƙasa, sai "APO AE" da wasu lambobi. Hajiyarmu tana Kano, ta ce lallai sai ta haɗa masa kilishi da yaji da goro da turare da dabino kafin azumi ya kama, kuma so take ta ba DHL su kai masa kai tsaye. Don Allah waɗanda suka san hanyar nan su fahimtar da ni: wannan adireshin ya isa haka, ko in ƙara "Kuwait" a ƙasa? Me ake yarda a aika, me ake ƙwacewa? Kuma kwana nawa kaya ke yi kafin su isa hannunsa?

Na Gidan Waya:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya tsare shi ya dawo da shi lafiya. Bari in fara da adireshin, don nan ne mafi yawan kaya ke ɓacewa.

Kada ki ƙara komai a kan abin da ya turo miki. Kada ki rubuta Kuwait, kada ki rubuta sunan sansanin. A wajen gidan wayar Amurka, wato USPS, adireshin soja adireshi ne na cikin gida, ko da mutum yana bangon duniya. "APO" ita ke zaune a gurbin sunan gari, "AE" a gurbin sunan jiha, lambobi biyar ɗin nan kuma su ne lambar ZIP, wato lambar yanki ta gidan waya. Tsarin haka yake:

MUƘAMI DA CIKAKKEN SUNA
UNIT da lambarsa, BOX da lambarsa
APO AE 093xx

Da zarar kin rubuta sunan ƙasa, na'urar da ke tantance saƙo za ta iya jefa kwalin cikin saƙon ƙasashen waje. Sai ya faɗa hannun gidan wayar Kuwait na farar hula, waɗanda ba su da hanyar shigar da shi sansanin soja. Daga nan ko dai ya dawo miki bayan watanni, ko ya yi ɓatan dabo.

APO ta sojan ƙasa da na sama ce, FPO ta sojan ruwa da jiragensu, DPO ta ma'aikatan ofisoshin jakadanci. AE tana ɗaukar Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, lambobinta suna farawa da 09. AP ta yankin Fasifik ce, irin su Japan da Koriya ta Kudu, daga 962 zuwa 966. AA kuma ta sauran nahiyar Amurka ce banda Kanada, 340. Dole sunan mutum takamaimai ya kasance a jiki. Tun 2001, bayan wasiƙun nan masu ƙwayar cutar antaras, aka soke tsarin aika saƙo da sunan "kowane soja".

Batun DHL kuwa, a gaya wa Hajiya ta bar shi. Su da FedEx da UPS ba sa kai kaya adireshin APO da kansu, USPS ce kaɗai ƙofar shiga. Ita ke ɗaukar kayan zuwa tashar fitarwa, sau da yawa Chikago ga saƙon da zai bi jirgin sama, daga can hukumar gidan waya ta soja ta karɓa. A sansani akwai sojan da aka ɗora wa aikin saƙon kowace runduna, shi ke zuwa ya kwaso ya raba.

Kwalin da zan ba ki shawara shi ne babban Priority Mail Flat Rate wanda aka buga wa APO/FPO a jiki. Faɗinsa inci 12, tsawonsa inci 12, zurfinsa inci 5 da rabi, wato kusan santimita 30 da 30 da 14. Kwalin kyauta ne, kuɗin aikawa ɗaya ne komai nauyinsa matuƙar bai wuce laba 70 ba, kusan kilo 32, kuma ana ɗan rage kuɗi idan soja za a kai wa. Kuɗin cikin gida za ki biya, ba na ƙasar waje ba. A shafin USPS akwai abin da suke kira Military Care Kit, suna turo kwalaye da salatif da takardun adireshi har gida, ba ko sisi. Sharaɗi ɗaya: kwalin ya rufu yadda aka ƙera shi. Idan kin cusa kaya har ya kumbura, kika ƙara masa wani kwali a baki, za su ƙi karɓarsa a wannan farashin.

Sai fom ɗin kwastan. Duk da adireshin na cikin gida ne, kayan ƙetare iyaka za su yi, don haka dole a cika. Wasiƙa zalla wadda nauyinta bai kai oza 16 ba, wato laba ɗaya, ita ce kawai ba ta buƙata. Yanzu ba sa karɓar tsohon fom da aka cika da hannu aka manna. Ko dai ki cika a intanet ta Click-N-Ship na shafin USPS ki buga, ko ki cika fom mai lamba 2976-R a kantar gidan waya, ma'aikaci ya shigar a kwamfuta ya buga miki. Kada ki rubuta "abinci" ko "kyauta" kawai ki yi shiru. Kowane abu da sunansa da adadinsa da nauyinsa da kuɗinsa: safa ƙafa shida, garin yaji leda biyu, haka. Rubutun dunƙule shi ke sa a ajiye kwali a gefe ko a buɗe shi. Ki kuma saka takarda mai adireshinsa da naki a cikin kwalin, don na waje yakan goge ko ya yage.

Ɗan Zongo:

Hajiya Maman Hanifa, abin da malam ya faɗa daidai ne. Ni kan kayan Kano zan tsaya, domin nan ne za a ɓata wa tsohuwa rai idan ba a yi mata bayani da wuri ba.

Kilishin Kano ba zai isa ba. Duk saƙon da ya taso daga Najeriya ko Nijar ko Gana zuwa adireshin APO, sai ya fara shiga Amurka tukuna, ko da Kuwait ta fi kusa da Kano a taswira. Mai aikawa daga can zai rubuta USA a ƙarshen adireshin, kayan su sauka a matsayin kayan da aka shigo da su ƙasar, kwastan su duba. Ma'aikatar gona ta Amurka ba ta yarda a shigo da naman shanu irin wannan daga ƙasashenmu ba, saboda cututtukan dabbobi kamar ciwon baki da kofato. Busarwa da yaji da gashi ba su canja hukuncin ba. Za a ƙwace a lalata, wani lokaci kwalin ya ƙaraso da takardar sanarwa a madadin naman. Haka ma idan matafiyi ya ɗauko a jakarsa, kuma shi har tara yana iya sha idan bai bayyana ba. Dambun nama ma hukuncinsu ɗaya.

Mafita ita ce a saya a nan. Akwai masu yin kilishi a cikin Amurka, akwai kuma busasshen naman halal da ake sayarwa a rufe daga kamfani. Amma kafin ki saya, duba ƙa'idar lambar ZIP ɗinsa. Kowace lamba tana da jerin haruffan hani, USPS na bugawa a mujallarta ta sanarwa, Postal Bulletin, kuma akwai wurin da za ki shigar da lambar a shafinsu ya nuna miki. Waɗanda suka shafe mu:

H yana nufin babu nama kowane iri, ko na gwangwani ne. H1 kuwa naman alade ne kawai da abin da aka yi da shi. Bambancin lambar nan guda ɗaya shi ke raba ko kilishi zai shiga ko ba zai shiga ba, don haka a karanta da kyau. M ya hana 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da tsirrai. R giya ce. E2 ya hana hotunan tsiraici, da kayan addinin da ya saɓa wa Musulunci idan da yawa ne na rabawa, amma na amfanin mutum shi kaɗai babu laifi. D ya hana kofi, wannan an fi ganinsa a lambobin Jamus. Sansanonin ƙasashen Larabawa galibi H1 da R da E2 ne ke kansu.

Goro kuma a haƙura. Ɗanyen abu ne, yana iya faɗawa ƙarƙashin M, kuma ko an bar shi ya wuce, mako biyu a cikin kwali ko dai ya bushe ya zama dutse, ko ya yi fumfuna idan an naɗe shi da danshi. Dabino kuwa, Hajiya, aika shi Kuwait ai kai goro Gwanja ne.

Abin da tsohuwa za ta iya haɗawa ya iso lafiya: yaji, busasshen zoɓo, kanumfari da citta busassu, hula, carbi, da wasiƙa. Su zo hannunki a Bronx, ke ki sake shirya su a kwalin USPS. Hakan ya fi sauri, ya fi araha, kuma kin ga abin da ke ciki da idonki kafin ki sa hannu a fom.

Gwaggo Ta Maryland:

Ƙanwata sannu da ɗawainiya. Maza sun gama da dokoki, saura abin da za a zuba a ciki da yadda za a ɗaure shi.

Ki fara tambayarsa abin da ke akwai a inda yake. Manyan sansanonin Kuwait suna da kantin soja da ɗakin cin abinci da wurin wanki. Wanda ke irin wannan wuri, aika masa sabulu da man goge baki ɓarnar wuri ce, yana iya saye da kansa. Abin da ba zai samu ba shi ne ɗanɗanon gida. Wanda aka kai ƙaramin sansani a cikin hamada kuwa, safa da tishu mai danshi da hodar ƙafa da man leɓe sun fi masa alewa daraja.

Ki tuna ba shi da murhu. In ya yi sa'a akwai butar dafa ruwa ko mikrowef. Saboda haka garin ɗanwake da kuka da daddawa su zauna a gida. Waɗanda ke aiki su ne garin rogo da gyaɗa soyayya da madarar gari, wannan ruwan sanyi kawai yake so. Sai ƙuli-ƙuli, cincin da aka soya ya bushe ƙarau, garin kunun gyaɗa ko na tsamiya, Indomie, Milo, ganyen shayi da kayan ƙamshinsa. Yaji shi ne sarkin kayan, domin abincin ɗakin cin abincinsu lami ne a bakin Bahaushe. Ki raba shi ƙananan ledoji na giram 100 zuwa 150 maimakon babbar leda ɗaya. Yajin da aka daka da ƙuli yana da mai a jiki, idan aka buɗe shi yana shan iska da zafi sai ya yi ɗan warin tsohon mai cikin makonni. Ki manna wa kowace leda takarda da Turanci mai faɗin abin da ke ciki. Gari marar suna a cikin leda abu ne da ke jawo a farke kwali.

Dakuwa da tuwon madara da alkaki ba sa jure tafiya: ɗaya ta yi tsami, ɗaya ya narke, ɗaya ya manne ya zama dunƙule. Man shanu ma haka. Cakulan kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu kaɗai, lokacin da Kuwait ke da sanyi, har dare yakan yi ɗari sosai. Daga Mayu zuwa Satumba zafi yana haura digiri 45, wani lokaci ya taɓa 50, kuma buhunan saƙo kan zauna a filin jirgi ko cikin kwantena a rana. Duk abin da zai narke a motar da aka rufe a Sakkwato da azahar, zai narke a can.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa sabulu ko turaren wuta da abinci a kwali ɗaya. Ko kin rufe da leda biyu, bayan kwana goma a zafi cincin ɗin sabulu zai riƙa yi a baki. Kwali biyu: na ci daban, na wanka da ƙamshi daban. Abu mai ruwa kamar zuma, ki sa shi a roba ba kwalba ba, kada ki cika ta fal, ki naɗe murfin da salatif, sannan leda mai zif guda biyu. Iskar cikin jirgi tana sauyawa, murfi ya saki. Masu nauyi a ƙasa, ki toshe kowane gurbi da safa ko singileti maimakon takarda, tunda su ma kaya ne. Ki girgiza kwalin, in kin ji motsi ba ki gama ba. Salatif mai faɗin inci 2, a bi tsakiya da gefuna, sama da ƙasa. Banda igiya, tana maƙalewa a injin.

Turare: na feshi da duk mai sinadarin barasa a ciki an hana aika shi ta wannan hanyar, domin yana kama wuta. Haka maganin sauro na feshi, man tsabtace hannu, ashana da laita. Turaren mai zalla, irin ɗan ƙaramin kwalban nan na shafawa, shi ke wucewa, a naɗe shi da kyau. Humra ta haɗin gida kuwa ki bar ta, don sau da yawa da turaren feshi ake haɗa ta.

Na azumi: sallaya mara nauyi, Alƙur'ani ƙarami, carbi, duk babu matsala. Ki kuma ce masa ya je ofishin limaman soja. Rundunar tana da kunshin abincin fagen daga na halal, kuma ta wannan ofishin ake neman sa da sauran abin da ya shafi sahur da buɗa baki.

Maman Hanifa:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, da na tafka kuskure tun a layin ƙarshe na adireshi. Na duba lambarsa, H1 ce ba H ba. Saura biyu: ya ce in turo masa fawa bank da tsohuwar wayarsa da ya bari a gida. Sannan har yanzu ban ji maganar kwanaki ba, azumi saura wata biyu.

Na Gidan Waya:

Duka biyun ba za su tafi ba, Malama. Ƙa'idar batirin litiyom zuwa APO ita ce sai wanda ke cikin na'urar da yake kunnawa, kuma kada ya wuce batir biyu a kwali ɗaya. Fawa bank ana lissafa shi a matsayin batir zalla, don haka an hana. Tsohuwar waya kuma, tun 2022 USPS ta hana na'urorin da aka yi amfani da su ko suka lalace masu irin wannan batir hawa jirgin sama, wanda ya rufe musu hanyar sansanonin ƙetare. Sabuwar waya a kwalinta da ba a buɗe ba za ta iya tafiya idan lambarsa ta yarda. Dalilin duk wannan gobara ce: batirin da ya kumbura ko ya fashe a cikin kaya yana kamawa da kansa, kuma kashe shi a sama da wuya. Ƙananan batura na tocila, AA da AAA na alkalin, babu laifi. Fawa bank ɗin ya duba kantin sansani. In kina so ki biya masa, ana sayen katin kyauta na Exchange, wato kantin sojan, a intanet, farar hula ma na iya saye.

In za ki aika abin da ake jonawa a wuta, karanta jikin cajar. Wutar Kuwait 240 ce, da soket mai ƙafa uku irin na Najeriya, ta Amurka kuma 120. Wanda aka rubuta wa 100 zuwa 240 zai yi ko'ina. Butar lantarki ta Amurka kuwa tana iya ƙonewa a jonawar farko, sai ya tabbatar da irin wutar ɗakinsa.

Kwanaki: Priority kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu zuwa babban sansani, ki ƙara mako ɗaya ko biyu idan ƙaramin wuri ne da sai an jira mota ko jirgi. Hanyar ƙasa mai araha tana iya cin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba ta dace da abinci ba. Express, wato saƙon gaggawa, kuwa ba ya aiki a lambobin 093, kada ki biya kuɗin banza. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba layi yana cunkushewa da kayan Kirsimeti. Don azumi, ki aika saura mako biyar ko shida. Gara ƙananan kwalaye biyu a tsakanin mako biyu da ƙato ɗaya: ɗakinsu ƙarami ne, wurin ajiya akwati ɗaya ne da ƙarƙashin gado, kuma shi zai ɗauko kayan da ƙafa daga ɗakin saƙo.

Lambar bin sawu takan tsaya cik bayan kayan sun bar Amurka, kwana biyar ko goma babu sabon labari. Ba ɓata ba ne, ba kowace tasha ta soja ke duba lambar da na'ura ba. Priority yana zuwa da inshorar dala 100. Idan kaya sun ɓace da gaske, sai bayan kwana 45 ake shigar da ƙorafi, kuma kada a wuce shekara ɗaya. Ki adana rasit ɗin aikawa da na sayen kayan, da su ake biya.

Baban Sadiq:

Ƙari kaɗan a kan abin da manya suka faɗa. Wasiƙa ta fi komai sauƙi: tambarin cikin gida ɗaya, wato kan sarki, babu fom. Hajiya ta rubuta da hannunta, ko da ajami ne, ta ɗauki hoto ta turo miki ta WhatsApp, ki buga ki saka a ambulan. In wurin da yake yana cikin waɗanda aka ware wa saƙon kyauta, shi ba ya buƙatar tambari wajen amsawa, "FREE" kawai zai rubuta da hannunsa a kusurwar dama ta sama. Wannan na wasiƙa ne daga wajensa kaɗai, bai shafi kwali ba, bai kuma shafi abin da ku kuke aikawa ba. Ki saka masa 'yan ambulan da biro.

Kada a sa adireshin ko sunan rundunar ko ranar dawowarsu a Facebook ko zauren dangi mai mutum ɗari. Ana iya hukunta shi a kan abin da ku kuka wallafa, kuma da irin waɗannan hotuna da bayanai 'yan damfara ke buɗe shafin bogi suna karɓar kuɗin mata da sunan soja. Duk "sojan" da ya ce a tura kuɗi ga wani wakili don a fito masa da kaya, ko ya ce ba shi da adireshin APO, ƙarya yake.

Sannan ki tambaye shi ranar rufe saƙo. Rundunar kan sanar da ita kamar wata ɗaya kafin su taso. Kwalin da ya isa bayan sun tafi zai biyo shi Amurka, ya yi makonni a hanya, yajin ya iso Bronx kafin mai shi ya ɗanɗana. A fom ɗin kwastan akwai wurin zaɓar abin da za a yi idan ba a same shi ba, ki zaɓi a dawo miki da shi, kada ki bar gurbin babu komai.